Fuskokin da ke bayan motoci a hanyar Agye da Gidan Rumji

Duk wanda ya tsaya bakin babbar hanyar RN1 a Gazawa, Agye ko Gidan Rumji, ba zai daɗe ba sai babbar mota ta wuce ɗauke da fuskar wani mutum a bayanta. Direbobi da masu shagon aski da 'yan kabu-kabu kan biya mai zane ya yi musu hoton wanda suke ƙauna, kuma kowane launi da abin da yake faɗi.

Fuskar da aka fi gani ita ce ta Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975. Masu zane kan ba shi farin rawani da carbi, su kewaye kansa da haske ko koren launi. A wurin direba ɗan Tijjaniyya, hoton abokin tafiya ne a doguwar hanyar Damagaram cikin dare, kuma shaida ce ga 'yan'uwa cewa mai motar nasu ne. Wannan ma shi ne tushen jayayya: malaman Izala na kallon zanen mai rai a matsayin haramun, don haka wasu masu motoci kan tsaya ga fure da rubutun addu'a.

Sai 'yan kokowa. Jihar Maradi ba ta manta Yacouba Kantou, wanda ya ci takobin ƙasa na farko a 1975 ba. Ɗan kokowa ana zana shi da layu a damtse da ƙirji a buɗe, fuska a murtuke. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, hoton Janar Tiani cikin kakin soja ya shiga layi.

A yankin Tibiri, gidan sarautar Gobir, aikin ya fi wuya. Idan ɗa ya kawo tsohon hoton mahaifinsa a sake shi, abin da iyali za su fara dubawa shi ne tsagen Gobirawa a kumatu. In aka rage layi ɗaya, sai a ce ba shi ba ne, ko da idanu da hanci sun yi daidai.

Yanzu injin buga hoto da sitika sun karya farashin fenti, kuma matasa da yawa daga waya suke turo hoton a buga musu.