Kafin Ka Sayi Wuƙa, Nemi Takarda: Kayan Buga Hoto da Katako Irin na Japan

A watan Yuli na 2024 Japan ta fito da sababbin takardun kuɗi. A bayan takardar yen 1,000 ta sa hoton wata ƙatuwar igiyar ruwa da ta taso za ta rufta wa jiragen ruwa uku, ga dutsen Fuji can nesa ya koma ɗan mitsitsi. Katsushika Hokusai ne ya zana shi wajejen 1831, amma ba hoto ne ƙwaya ɗaya da aka yi da burushi aka rataye ba. Buga shi aka yi, dubbai, daga allunan katako da aka sassaƙa, da hannu, ba inji. A zamaninsa talaka ma yakan iya saye. A Maris na 2023 kuwa an yi gwanjon guda ɗaya a New York a kan kusan dala miliyan 2.8.

Wannan sana'a ita Japanawa ke kira mokuhanga. Ana manna zane a jikin allo, a sassaƙe duk inda ba a son launi, a bar layin zanen a tsaye. Sai a ɗiga launi mai ruwa, a ƙara ɗan gam na shinkafa, a gauraya su da burushi a kan allon, a ɗora takarda mai danshi, a murza bayanta da wani abu mai suna baren. Kowane launi da allonsa. Tun 1765, lokacin da hotunan Suzuki Harunobu masu launuka da yawa suka bayyana a Edo, birnin da yanzu ake kira Tokyo, takarda ɗaya kan hau allo sau goma ko fiye kafin hoto ya kammala.

A da, aikin na mutum huɗu ne: mai zane, masassaƙi, mai bugawa, da ɗan kasuwar da ya zuba jari. Hokusai bai sassaƙa igiyar ruwansa ba, bai kuma buga ta ba. Daga 1904, sa'ad da Yamamoto Kanae ya fitar da hotonsa na wani masunci wanda ya zana ya kuma sassaƙa da hannunsa, sai aka samu masu ra'ayin mutum ya yi komai da kansa. Masu yin abin don sha'awa a yau, a Japan da Turai da Amurka, bin wannan sawu suke. Ke nan mutum ɗaya ne zai sayi kayan masassaƙi da na mai bugawa, da aljihu ɗaya. Nan gizo ke saƙa, domin yawancin sababbin shiga sukan fara zuba kuɗi a inda ido ya fi sha'awa, wato wuƙaƙe. A nawa ganin daga takarda ya kamata a faro lissafi, sauran kaya su biyo baya.

Dalili kuwa yana cikin yadda launin ke zama. A bugun katako irin na Turawa, tawada mai maiƙo ce ake shafawa, inji ya danna, ta zauna a saman takarda. A na Japan launin shiga yake cikin zaren takardar, shi ya sa in ka juya tsohon hoto za ka ga launi ya ɓullo ta baya, har da sawun murzar baren. Takardar da za ta yi wannan aiki dole ta jure jiƙa, ta jure murza sau goma ko ashirin ba ta sale ba, ba ta yage ba. Takardar ofis ko ta littafin makaranta ba za ta kai bugu na biyu ba.

Takardar gargajiya ta Japan, washi, ana yin ta ne da ɓawon itatuwa uku: kozo, mitsumata da gampi. Don buga hoto kozo ne sarki, saboda zarensa dogo ne, yana sarƙewa da juna. Da sanyi ake yanke rassansa, a turara su, a ɓare ɓawon, a kankare baƙin da ke sama, a dafa farin da ruwan toka ko makamancinsa. Daga nan a zauna a bakin ruwa mai sanyi ana tsince datti ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan a daka, a zuba a kwami. Abin da ke hana zaren dunƙulewa a cikin ruwan shi ne yauƙin saiwar wani tsiro, tororo-aoi, wanda ɗan uwan kuɓewa ne na jini. A 2014 UNESCO ta sa sana'ar yin washi ta wurare uku, a yankunan Shimane, Gifu da Saitama, cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma wadda masu buga hoto suka fi girmamawa ita ce hosho ta Echizen, a yankin Fukui, inda Iwano Ichibei na tara ya samu lambar gwamnati ta gwanin sana'ar gargajiya a 2000.

To, ɗan koyo ba ya bukatar takardar Iwano, kuma in ya saya ma tsoron ɓata ta zai hana shi sakin hannu. Abin da yake bukata shi ne ya iya tambayar mai sayarwa. Da farko, kozo zalla ce ko an gauraya ta da niƙaƙƙen katako irin na masana'anta? Gauraye ba laifi ba ne, yana rage tsada, kuma ya isa gwaji, sai dai takardar ba ta kai zallar ƙarfi ba. Sai kauri. Siririya tana da kyau a ido amma in ta jiƙa takan yi laushi ta ƙi tsayuwa a hannu, mai kauri sosai kuma sai an sa ƙarfi kafin launi ya shige ta. Matsakaiciya ita ce ta mai koyo.

Tambayar da ta fi waɗannan nauyi, wadda kuma aka fi mantawa, ita ce: an shafa mata dosa? Dosa ruwan gam ne na fatar dabba da aka narka aka sa masa ɗan alif, a shafe takarda da shi da faffaɗan burushi, a shanya. Shi ke hana launi nashewa, shi ke hana zaren takarda liƙewa a jikin allo. Wanda ya buga a kan takardar da ba ta da dosa zai ɗaga ta ya tarar gefen layi ya jiƙe ya baje, ga gashin takarda ya manne a katako, sai ya ɗora laifin a kan wuƙarsa ko hannunsa alhali ba ruwansu. Gwajin ba wuya: ɗiga ruwa a kusurwa. In ya nutse nan take ya yi tabo, babu dosa. In ya ɗan tsaya kafin ya shige, akwai. Idan kuma ya yi yawa takardar kan ƙi karɓar launi, don haka mai koyo ya sayi wadda aka riga aka shafa, ya bar haɗa dosa sai hannunsa ya faɗa.

Ko an samu takarda mai kyau, da sauran aiki. Tana da fuska da baya, ɓangaren da ya fi santsi shi ake bugawa. Tana kumbura in ta sha ruwa, kuma ta fi kumbura ta gefe ɗaya, saboda haka a yanka dukkan fallayen ta fuska guda, in ba haka ba launi na biyu ba zai faɗa kan na farko ba. A kuma tabbata kusurwa ɗaya ta fita cif, domin ita za ta shiga kento, 'yan tsagi biyu da ake yi a gefen kowane allo, ɗaya mai kusurwa ɗaya miƙaƙƙe. Waɗannan tsagi su ne duk sirrin daidaituwar launuka. Tun daren jajibiri ake jiƙa takardar, a jera ta tsakanin wasu takardu masu danshi, a sa a leda ta kwana. Da safe a ji ta da sanyi da laushi a bayan hannu, amma ba ruwa a fuskarta. Mai gwadawa a ƙasarmu sai ya lura da yanayi: da hunturu takarda na bushewa kafin a kai ta kan allo, da damina kuwa kwana kaɗan a leda sai fumfuna.

Yanzu mu koma ga wuƙa. Akwatunan nan masu wuƙa goma sha biyu da ake tallatawa da arha, rabinsu ba za a taɓa su ba, kuma ƙarfensu ba ya riƙe kaifi. Guda huɗu sun isa a fara: hangito, 'yar wuƙa mai tsini da ake yanka gefen layi da ita, komasuki mai baki kamar kwalbatu don ƙwaƙule fili, ƙarama da babba, da aisuki mai faffaɗan baki don share abin da ya rage kusa da layi. Hangito ita ce uwa. Dunƙule hannu ake a kanta, babban yatsa a saman ƙota, yatsan ɗaya hannun yana tokare ruwan wuƙar, a ja ta a ɗan karkace yadda gindin layi zai fi samansa faɗi, don kada ya karye in an zo murza. Gefe ɗaya kawai aka fere bakinta, saboda haka akwai ta dama akwai ta hagu. Bahago ya faɗa tun a wurin saye.

Wuƙar kirki ƙarfe biyu ne aka haɗa, mai tauri a baki, mai laushi yana tallafe da shi, abin da ke sa ta yi kaifi kuma ta wasu da sauƙi. Wanda ya sayi wuƙa bai sayi dutsen wasa ta ba, rabin ciniki ya yi. Dutse biyu na ruwa, mai lamba 1000 don fito da baki da mai laushi kamar 6000 don gogewa, sun fi ƙarin wuƙa biyar amfani. Dakusasshiyar wuƙa yagar katako take, kuma ita ce ke zamewa ta sami yatsa.

Katako ba ya bukatar dogon zance. Magabata itacen ceri na kan dutse suke amfani da shi, yamazakura, mai tauri da ke riƙe layi siriri kamar gashi, ya kuma jure bugu dubbai. Yana da tsada, yana kuma gajiyar da hannu. Masu sha'awa yau shina suke saye, filawud mai laushi da ake sassaƙa ta fuska biyu. Ba ya riƙe layi mai tsananin sirantaka, amma ɗan koyo bai kai can ba tukuna. Filawud ɗin kafintoci kam a yi hattara da shi: fatarsa ta sama siririya ce, kuma gam ɗinsa kan saki in ya sha ruwa.

Burushi ne ake rainawa, alhali shi ke shimfiɗa launi. Na gashin doki ne, gajere, cike tam. Sabo ba ya aiki sai an gyara shi: a ɗan babbaka bakin gashin, a jiƙa, a goga a kan busasshiyar fatar kifin shak har kowane gashi ya tsage ya yi laushi. Yanzu akwai wani ƙarfe mai kaushi da ke maye gurbin fatar, akwai kuma burushin da aka riga aka gyara. Burushin da ba a gyara ba layi-layi yake bari a hoto. Kuma da son samu ne, launuka masu haske su samu nasu, masu duhu nasu, domin shuɗi ba ya fita daga gashi duk wanki.

Sai baren, abin da ke tsaye a madadin inji. Wanda ya taɓa ganin yadda ake naɗa faifai ya ga cikinsa: igiya ce da aka tuƙa da zaren ɓawon gora, aka naɗe ta zagaye, faɗinta bai wuce tafin hannu da yawa ba. Ana ɗora ta a kan wani marfi da aka yi da fallayen washi masu yawa da aka manne ɗaya kan ɗaya, sannan a naɗe duka da ɓawon gora guda, a murɗa bakinsa ya zama mariƙi. Ƙulle-ƙullen igiyar su ke tura launi cikin takarda. Na asali yakan ɗauki watanni ana yinsa, kuɗinsa kan kai ɗaruruwan daloli, wani ya haura dubu. Ya cancanci kuɗinsa, amma ba a shekarar farko ba. Ɗan arha na 'yan makaranta kuma ba shi da ƙarfin buga fili mai faɗi, sai launi ya fito da ɗige-ɗige. Tsakaninsu akwai na roba wanda Kurosaki Akira ya ƙirƙiro, da na igiyar zamani, da mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ko wanne aka saya, akan ɗan shafa masa mai don ya riƙa zamewa, a kuma sa wata takarda mai santsi tsakaninsa da bayan hoton.

Launi da gam su ne masu sauƙi. Fentin ruwa na kwali ko na bututu ya wadatar, kuma abin da ke riƙe shi ƙaro ne, irin wanda ake fitarwa daga Sudan da Cadi da arewacin Nijeriya. Gam kuwa garin shinkafa ne a dama da ruwa a dafa har ya yi sheƙi. In ya yi kaɗan launi ya fito tsaba-tsaba, abin da gwanaye kan yi da gangan in suna so. In ya yi yawa ya taru a gefen layi.

Saboda haka mai karatu, in kuɗinka ƙididdigagge ne, ga yadda zan raba maka su: kaso mafi tsoka ga takardar kozo mai dosa, da yawan da ba za ka ji zafin ɓata rabi ba, sai hangito ɗaya mai kyau da sauran wuƙaƙen uku da duwatsun wasa su, sai burushi biyu gyararru, sai baren matsakaici da allunan shina. Ka fara da hoton da bai wuce girman katin gaisuwa ba, mai launi biyu, ka buga shi sau ashirin a kan takarda iri ɗaya kafin ka sake sayen komai.