Yadda ake sauya manhajar uwar garke ba tare da ofis ya tsaya ba

A ranar 12 ga Janairun 2027 kamfanin Microsoft zai daina bai wa Windows Server 2016 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kamar yadda ya yi wa Windows Server 2012 a watan Oktoban 2023. Duk ma'aikata ko hukumar da uwar garkenta ke kan wannan manhaja, lamarin ya shafe ta, domin a can saƙonnin imel da fayilolin ma'aikata suke zaune. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, ya shiga ne ta wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris, amma ba a ɗora ba.

A ƙananan cibiyoyin bayanai akan haɗa uwayen garke biyu ko uku su zama gungu ɗaya, kowace tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci na manhaja zalla, marasa gangar jiki. Fa'idar tsarin ita ce ana iya kwashe su daga wannan uwar garke zuwa waccan alhali suna aiki, mai amfani da su bai ma sani ba. A kan wannan aka gina dabarar sauyi bi da bi, wadda Microsoft ya shigo da ita tun daga Windows Server 2016.

Injiniya yakan fara da adana kwafin komai, ya kuma gwada dawo da shi, don kwafin da ba a gwada ba bai zama abin dogaro ba. Sai ya kwashe kayan uwar garke ta farko zuwa 'yan uwanta, ya cire ta daga gungun, ya ɗora sabuwar manhaja, ya mayar da ita. Idan ta zauna daram, sai ya koma kan ta biyu. Sharaɗin shi ne waɗanda suka rage su iya ɗaukar nauyin duka. Gungun da ya riga ya cika maƙil sai an kashe wasu ayyukansa marasa gaggawa. Gungu mai uwar garke biyu kacal kuwa yana buƙatar shaida ta uku, faifai ko ma'ajiyar fayil, mai raba gardama idan sadarwa ta yanke tsakaninsu.

Microsoft ya ba da shawarar kada gungu ya wuce mako huɗu yana gauraye da tsohuwa da sabuwar manhaja. Ba a kuma tsallake mataki: daga 2016 sai 2019, sannan 2022. Wanda ya makara zai yi zagayen fiye da sau ɗaya. Umarnin ƙarshe, mai ɗaga matsayin gungun gaba ɗaya, ba ya warwaruwa, shi ya sa masu hattara ke jinkirta shi kwanaki har su gamsu. Bayansa, sabunta tsarin kowace ƙaramar kwamfuta na buƙatar kashe ta na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan tsaikon ne ake sanar da ma'aikata tun da wuri.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan daraktoci da mataimakansu. Lasisin sabuwar manhaja kuɗi ne, dole ya shiga kasafi ya bi matakan sayen kayan gwamnati, wanda kan ɗauki watanni. Ranar aikin ma zaɓenta ake yi: a kauce wa ƙarshen wata lokacin haɗa albashi, a tabbatar janareta na da man dizal, batiran ajiyar wuta kuma lafiyarsu ƙalau, domin ɗaukewar lantarki ana tsakiyar ƙaura na iya jefa sauran uwayen garken cikin matsala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar neman kuɗin ya kamata ta isa teburin babban sakatare tun yanzu.