Bayan Muryoyin Sun Yi Shiru

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wani ɓangare na ciwon taɓin hankali da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun mutum kusan miliyan 24, wato ɗaya cikin kowane 300.

Abin da aka fi sanin ciwon da shi shi ne jin muryoyin da babu mai su, da sambatu, da zargin ana ƙulla wa mutum sharri. Tun 1952, lokacin da likitoci a birnin Faris suka fara amfani da maganin da aka fi sani da Largactil, aka samu hanyar kwantar da waɗannan alamomi.

To, amma akwai abin da ƙwaya da allura ba su cika taɓawa ba. An sallami mutum, hankalinsa ya kwanta, sai a aike shi cefane ya dawo da rabin kayan. Ana yi masa bayani, kafin a kai ƙarshe ya manta farko. Ya ɗora ruwa a wuta, ya shiga wata sabgar. A gida sai a fara cewa, "Ai ya warke, ƙyuya ce kawai." Wannan magana zalunci ce, ko da ba da gangan ake yin ta ba. Mantuwa, da kasa tattara hankali, da kasa tsara aiki daki-daki, duk suna cikin ciwon, kuma su ne kan gaba wajen hana mutum komawa makaranta ko sana'arsa.

Saboda wannan matsala aka ɓullo da horon gyaran tunani. Farfesa Til Wykes ta Kwalejin King's da ke Landan na cikin jagororinsa. Tsarin da suka fara da shi zama 40 ne, aƙalla sau uku a mako, da takarda da fensir kawai, kafin daga baya a mayar da shi manhajar kwamfuta.

Ga yadda zaman yake. Mai horarwa ta ba majinyaci jerin kaya goma sha biyu ya riƙe a ka. Ba ta barin sa ya yi ta faɗuwa. Da huɗu za a fara, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Sai ta nuna masa dabara: kayan miya rukuni ɗaya, sabulu da omo rukuni ɗaya, ya kuma maimaita da baki. In ya ci, sai ta tambaye shi, "Malam, wace dabara ka yi? A ina kuma za ta yi maka amfani gobe?" Wannan tambaya ta biyu ita ce ƙashin bayan aikin.

A 2011, Wykes da abokan aikinta sun haɗa sakamakon bincike 40 da suka shafi mutum 2,104. Sun ga ci gaba matsakaici a tunani, wanda kuma ya ɗore bayan an gama horon. Amfanin ya fi fitowa a rayuwar yau da kullum idan aka haɗa horon da koyon sana'a ko tallafin komawa aiki. Zama gaban kwamfuta kaɗai, ba mai ja-gora, bai wadatar ba. Kuma a lura, horon ba ya maye gurbin magani. Tare suke tafiya.

Mai sauraro, in kana da ɗan'uwa a wannan hali, ka rage faɗa. Ba shi saƙo ɗaya a lokaci guda, ka rubuta masa, ka bar shi ya yi da hannunsa. Ranar komawa asibiti kuma, kada ka tsaya a "yana barci, yana shan magani". Ka gaya wa likita batun mantuwar, ka tambayi irin horon da za a iya yi masa.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. A huta lafiya.