Me Ya Sa Birni Ya Fi Daji Zafi?

Duk wanda ya taɓa yin lodin shanu daga Arewa, ya ƙetaro Paga, ya sauke a Kumasi ko a karar Tulaku ta Ashaiman, ya san wannan magana. Sa ya baro ruga garau, amma kwana biyu a birni sai haki da dalalar miyau, ya ƙi ci, ya zube. Ba wahalar mota kaɗai ba ce, shi kansa birnin yana da nasa zafi.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1818 wani Bature, Luke Howard, ya bayyana cewa Landan ta fi karkararta ɗumi, musamman da dare. Masana sun auna cewa babban birni kan ɗara kewayensa da digiri 1 zuwa 3, a daren da babu iska kuwa ratar takan fi haka nesa ba kusa ba.

Dalili na farko, kwalta da siminti. Wuni suke suna shan rana, in dare ya yi sai su riƙa amayar da zafin. Taɓa bangon bulo bayan isha'i, za ka ji.

Na biyu, an sare itatuwa. Itace da ciyawa suna fitar da ruwa ta ganye, tamkar zufa, iska ta yi sanyi. A birni kuwa ruwan sama kwata yake bi ya wuce.

Na uku, gine-gine sun tare iska. Ga kuma motoci da janareto, kowanne na huro nasa.

To, ina ruwanmu? Saniya tumbinta ma zafi yake haifarwa, kuma da sanyin dare take sauke wanda ta kwasa da rana. In daren bai yi sanyi ba, na jiya ya haɗu da na yau, nama ya zube, mahauci ya karya kuɗi.

Saboda haka a sauke kaya da asuba. A rage cunkoso a tirela. Kada ruwa ya yanke a kwami. A kafa rumfa, a dasa dogon yaro a kara. In kasuwa ta yi nauyi, gara dabba ta kwana a bayan gari.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.