Daga filin Maraɗi zuwa Koriya ta Kudu: ina ƴan wasanmu matasa ke ɓacewa?

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a Maraɗi ba su manta da watan Fabrairun 2019 ba. A lokacin ne Nijar ta karɓi gasar cin kofin Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, aka raba wasannin tsakanin Yamai da Maraɗi. Rukunin da ya sauka a nan ya haɗa Senegal, Mali, Gana da Burkina Faso. Biyu daga cikinsu ne suka buga wasan ƙarshe, inda Mali ta doke Senegal a bugun fenariti.

Bayan wata huɗu, wannan Senegal ɗin da muka kalla da idonmu ta haɗu da Koriya ta Kudu a gasar duniya a Poland, a zagayen ƴan takwas. Aka tashi 3 da 3, Koriya ta wuce a fenariti. Ba ta tsaya ba sai wasan ƙarshe, inda Yukiren ta ci ta 3 da 1. Kyautar gwarzon gasar kuma ta faɗa hannun Lee Kang-in, yaro ɗan shekara 18.

Mu ma mun taɓa kaiwa can

A watan Agustan 2016 ƴan Mena na ƙasa da shekara 17 suka fitar da Nijeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya a lokacin: an ci su 1 da nema a Abuja, suka rama da 3 da 1 a Yamai. A 2017 suka zo na huɗu a gasar Afirka a Gabon, abin da ya ba su gurbi a gasar duniya ta Indiya, karo na farko a tarihin ƙasar. Wasansu na farko a birnin Kochi da Koriya ta Arewa suka yi shi, suka ci 1 da nema, ƙwallon Salim Abdourahmane. Duk da Sifaniya da Burazil sun doke su, sun tsallake zuwa zagaye na biyu, inda Gana ta fitar da su da 2 da nema.

Wannan ya nuna ba baiwa ce ta yi mana ƙaranci ba. Amma a 2019, a gida, ƴan ƙasa da 20 ba su fita daga rukuni ba. Babbar Mena kuwa, tun bayan 2012 da 2013 ba ta sake zuwa gasar cin kofin Afirka ba. Tsakanin shekara 17 da 22 ne ruwa ke cinye yaranmu, kuma a daidai nan ne Koriya ta gina gada.

Yadda Koriya ta yi

Abu na farko, ta ɗaure ƙwallo da makaranta. Manyan ƙungiyoyin ƙasar suna da makarantun sakandare da suke renon yaransu a ciki: Ulsan tana da makarantar Hyundai, Suwon tana da Maetan. A 2009 aka kafa gasar ƙarshen mako ta ɗalibai, domin yaro ya zauna aji ranakun karatu, ya buga wasa Asabar ko Lahadi. Wanda ƙwallo bai karɓe shi ba yana da takardarsa a hannu.

Na biyu, ta buɗe wa matasa ƙofar babbar gasa. Daga 2013 gasar K League ta wajabta wa ƙungiyoyi sa matashi cikin jerin ƴan wasa, da farko ɗan ƙasa da 23, daga baya ɗan ƙasa da 22. A shekarun da suka biyo baya, ƙungiyar da ta ƙi, an riƙa rage mata yawan canjin da za ta yi a wasa. Mai horarwa ba ya son asara, don haka dole ya ba yaro dama.

Na uku, fita waje bisa tsari. A 2008 hukumar ƙwallon ƙasar ce da kanta ta tura Son Heung-min zuwa Hamburg a Jamus yana ɗan shekara 16. Shekara guda bayan nan ya zo gasar duniya ta ƴan ƙasa da 17 a Nijeriya, ya ci mai masaukin baƙi ƙwallo a Kalaba, ko da yake Koriya ta sha kashi 3 da 1. Yaron nan shi ne ya ci ƙwallo 23 a gasar Ingila ta 2021-2022, ya raba kyautar takalmin zinariya da Mohamed Salah. Lee kuma ya shiga makarantar Valencia a 2011, ya koma Paris Saint-Germain a 2023.

Alamar tsari mai kyau ita ce maimaitawa. A 2023 a Ajantina, da wasu sabbin yara, Koriya ta fitar da Nijeriya da 1 da nema, ta zo ta huɗu a duniya.

Me za mu iya a nan?

Wani zai ce Koriya ƙasa ce mai arziki, ina mu ina ita? Gaskiya ne. Sai dai Senegal da Mali ba su fi mu nisa da talauci sosai ba, amma suna da makarantun ƙwallo irin su Génération Foot, inda Sadio Mané ya fito, da Diambars, da JMG ta Bamako. Kuma akwai abubuwan da ba sai da miliyoyi ba.

Gasar ɗalibai ta kowace Asabar, tsakanin makarantun Zariya da sauran unguwanni har zuwa Tibiri da Jiratawa, ba ta bukatar jirgin sama: alƙalin wasa, ƙwallo, da jadawalin da ba ya tsayawa. Gasar hutun makaranta ta mako biyu ba ta gina ɗan wasa. Wasa talatin a shekara ne ke gina shi.

Takardar haihuwa ma na cikin lissafi. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun ƴan ƙasa da 17. Uban da ya yi wa ɗansa takarda tun yana jariri ya kare shi daga zargi da kora.

Hukumar FENIFOOT kuma za ta iya wajabta wa ƙungiyoyi, har da Jangorzo da Ɗan Kasawa na nan Maraɗi, sa matasa biyu a kowane wasa. Doka ce ta layi ɗaya.

Sai iyaye. Duk wanda ya zo yana neman kuɗi don ya kai yaro gwaji Turai ko ƙasashen Larabawa, a tambaye shi lasisinsa na FIFA da wasiƙar ƙungiyar da ta yi gayyata, a kai wa hukuma ta duba. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan. Kada a sayar da gona a kan alkawarin baki.

Yaran da ke buga tamaula da la'asar a filayen Zariya ba su gaza na Ulsan da ƙafa ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai san sunansu, ya rubuta shekarunsu, ya kuma sama musu wasa a Asabar mai zuwa.