YADDA AKE ZAƁEN JIRGIN SHATA DON KAMUN KIFIN HALIBOT

An shirya wannan bayani ne domin amfanin duk wanda tafiya ta kai shi jihar Alaska ta ƙasar Amurka, ko don karatu, ko aiki, ko yawon buɗe ido, har ya yi sha'awar shiga teku ya gwada kamun kifin nan da ake kira halibot. Da wuya baƙo ya iya wannan kamu shi kaɗai. Galibi yakan ɗauki shatar jirgi tare da matuƙinsa, ya biya kuɗi masu yawa, sa'an nan ya danƙa ransa a hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Saboda haka zaɓen jirgi shi ne muhimmin abu a cikin tafiyar duka, kuma lalle ne a yi shi da natsuwa tun kafin a bar gida.

KIFIN DA WURIN DA AKE SAMUNSA

Halibot kifi ne mai faɗi kamar faifai, wanda ke kwanciya a ƙasan teku mai sanyi. Gefensa na sama baƙi-baƙi ne, na ƙasa kuwa fari fat, idanunsa biyu kuma duk suna gefe guda. Girmansa yana iya kai na giwan ruwa da muka sani, har ya wuce. Mafi girma da aka rubuta an kama da ƙugiya shi ne na shekarar 1996 a kusa da tsibirin Unalaska, mai nauyin laba 459, watau kimanin kilo 208. Amma kada mai karatu ya sa rai da irin wannan, domin galibin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo 5 zuwa 20 ba.

Garuruwan da suka yi suna da wannan sana'a su ne Homa, da Suwad, da Kodiyak, da Sitka. Daga birnin Ankorej zuwa Homa tafiyar kimanin kilomita 350 ce a mota, zuwa Suwad kuwa kimanin 200. Jiragen shata sun fi yin aiki daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da sanyi ya yi sauƙi, kifin kuma ya matso kusa da gaɓa.

TAKARDUN DA DOKA TA WAJABTA

Abu na farko da za a bincika shi ne takardu. Kamun halibot yana ƙarƙashin wata yarjejeniya da Amurka da Kanada suka ƙulla a shekarar 1923, wadda ta haifar da hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a birnin Siyatil. Wannan hukuma ce ke ƙiyasta yawan kifin da ke cikin teku, kowace shekara kuma ta yanke adadin da za a kama. Tun daga shekarar 2011, duk jirgin da ke ɗaukar mutane kamun halibot don kuɗi a kudu maso gabashin Alaska da tsakiyar kudancinta, tilas ne ya riƙe takardar izni ta musamman daga gwamnatin tarayya. A jikin takardar an rubuta iyakar masu kamun da aka yarda jirgin ya ɗauka, kuma dole ta kasance a cikin jirgin lokacin aiki.

Na biyu shi ne lasin matuƙi, wanda Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka ke bayarwa. A nan akwai bambanci da ya kamata a gane. Ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja shida ko ƙasa da haka, lasin matuƙinsa ake nema, amma ba a wajabta wa rundunar duba jikin jirgin lokaci-lokaci ba. Jirgin da ke ɗaukar fiye da shida kuwa, dole ne a duba shi, a ba shi takardar shaida wadda ake mannawa inda kowa zai gani. Ba a ce ƙaramin jirgi ba shi da lafiya ba. Abin nufi shi ne, wanda ya zaɓi ƙarami, nauyin bincike ya fi hawa kansa.

Shi ma mai kamun yana bukatar nasa lasin na jihar Alaska, muddin baƙo ne da ya kai shekara 16. Akwai na kwana ɗaya, da na uku, da na bakwai, da na goma sha huɗu, ana kuma iya sayensa ta intanet. Duk mai jirgin da ya ce ba sai an wahala da takardu ba, ko ya yi ta kwana-kwana idan aka ce ya nuna nasa, a rabu da shi nan take, ko da kuwa kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi. Araha ba ta ado.

ƘARAMIN JIRGI KO BABBA

Kowane iri yana da amfaninsa da kuma aibunsa. Ƙaramin jirgi mai mutum shida ya fi gudu, yana kai mutane wuraren kamu da wuri, matuƙi da yaronsa kuma suna samun sukunin kula da kowa. Iyali ko abokai suna iya ɗaukar shatarsa gaba ɗaya. Aibunsa shi ne igiyar ruwa ta fi jijjiga shi, wurin zama kaɗan ne, kuɗin kowane mutum kuma ya fi yawa.

Babban jirgi ya fi natsuwa a kan ruwa. Galibi yana da ɗaki mai ɗumi, da makewayi sosai, da filin miƙe ƙafa. Shi ya fi dacewa da tsofaffi, da yara, da wanda bai taɓa shiga teku ba. Sai dai idan mutane suka yi yawa, zaren wannan yakan harɗe da na wancan, mutum kuma yakan jira kafin yaran jirgi su zo kansa.

Haka nan a duba tsawon tafiyar. Ta rabin yini ba ta yin nisa, kifinta galibi ƙanana ne, amma ta ishi mai son ya gwada kawai. Ta yini guda tana iya cin awa takwas zuwa goma sha biyu, wani lokaci awa biyu daga ciki tafiya ce zalla kafin a jefa ƙugiya, wasu biyu kuma na dawowa. A wasu wurare kamar Ninilcik galibin jiragen shata ba daga tashar jirgi suke tashi ba. Tarakta ce ke tura jirgin cikin ruwa daga kan rairayi, ta kuma jawo shi idan ya dawo. Mai ciwon baya ko na gwiwa ya kamata ya san wannan kafin ya biya.

ZAƁEN RANA

Wanda bai zauna a bakin teku ba zai yi mamakin jin cewa wata yana da hannu a cikin wannan al'amari. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, kuma a mashigin Kuk, inda jiragen Homa ke aiki, bambancin cikowa da janyewa yana daga cikin mafi girma a duniya, har yakan kusa mita 9 a wajen Ankorej. Idan ruwa yana gudu da ƙarfi, sai an ɗaura wa zare dalma mai nauyin kilo ɗaya zuwa biyu kafin ƙugiya ta zauna a ƙasa, jawo ta daga zurfin mita 30 zuwa 90 kuwa aiki ne mai karya kafaɗa. Kamu ya fi sauƙi a ɗan lokacin da ruwan ya tsaya tsakanin cikowa da janyewa.

Gudun ruwan ya fi tsanani a lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ya fi sauƙi kuma wajen bakwai da wajen ashirin da biyu ga wata. Ana buga jadawalin wannan tun shekara ba ta kama ba. Matuƙin kirki zai duba shi ya ba da shawarar ranar da ta dace. Wanda ya ce kowace rana daidai ce, kujerarsa kawai yake son ya cika.

LAFIYA DA TSARON RAI

Ruwan Alaska yana da sanyi ƙwarai ko da a tsakiyar lokacin zafinsu. Mutumin da ya faɗa ciki, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su sandare, iya iyo kuma ba zai fisshe shi ba. A watan Yuni na shekarar 2003, wani jirgin shatar kamun kifi ya kife a bakin mashigin Tilamuk a jihar Oregon, mutum 11 daga cikin 19 suka rasu. Binciken hukuma ya nuna abu biyu: an fita alhali teku ba ta da kyau, sa'an nan ba a sa rigunan ruwa ba kafin a shiga wurin haɗari. Wannan darasi ne da jama'armu masu hawa kwale-kwale a kogin Kwara da Binuwai suka sha gani da idonsu.

Don haka a tabbatar jirgin yana da rigar ruwa ga kowane mutum, har da masu daidai da yara, da rediyon kiran taimako, da na'urar da ke sanar da masu ceto inda jirgi yake, da abin kashe gobara, da akwatin magani. Matuƙi nagari yakan tara fasinja kafin tashi ya nuna musu inda kowane abu yake. Idan ya soke tafiya saboda iska, kada a yi masa gardama, kada kuma a nemi wani da zai yarda ya fita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai saurin jiri da amai ya nemi shawarar likita, ya sha magani tun kafin ya hau, domin bayan amai ya fara magani ba ya cika aiki. A sa tufafi masu kauri, ɗaya bisa ɗaya, da rigar ruwan sama, da takalmin da ba ya santsi.

KUƊI DA TAMBAYOYIN DA ZA A YI

Jiragen kirki sukan cika tun watanni kafin lokaci, kuma sukan nemi kafin alƙalami. Kafin a tura ko kwabo, a nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce:

1. Mutum nawa jirgin zai ɗauka a ranar, yaran jirgi kuma nawa ne?
2. Awa nawa ce tafiyar, nawa ne daga ciki na kamu?
3. Kuɗin ya haɗa da sanda, da zare, da abin sa wa ƙugiya, da gyaran kifi, da haraji?
4. Idan matuƙi ya soke tafiya saboda iska, za a mayar da kuɗi duka ko za a sake rana?
5. Idan fasinja ne ya fasa, nawa za a yanke masa?
6. Shekara nawa matuƙin ya yi yana aiki a wannan ruwa?
7. Ana ba da abinci, ko kowa ya zo da guzurinsa?

A sani kuma cewa al'adar wurin ce a ba yaran jirgi tukuici a ƙarshen tafiya, don haka a sa shi cikin lissafi. A yi hattara da mai jirgin da ya yi alkawarin lalle sai an kama babban kifi, domin wannan ba a hannunsa yake ba.

ƘA'IDAR KAMU DA ABIN DA AKA KAMA

Adadin kifin da mai shata zai riƙe, da tsawon da aka yarda, da ranakun mako da aka hana kamu, duk suna sakewa daga shekara zuwa shekara, kuma na Sitka dabam ne da na Homa. A tambayi ƙa'idar shekarar da ake ciki kafin a tsai da rana, kada a je a tarar an rufe ta. Matuƙi yana rubuta abin da kowa ya riƙe a littafin hukuma, mai kamun kuma ya sa hannu. Kada a sa hannu sai an duba adadin daidai ne. Sayar da kifin da aka kama ta wannan hanya laifi ne.

Kusan duk halibot da ya wuce kilo 45 mace ce, babbar mace kuwa tana iya zuba ƙwai miliyoyi a shekara. Saboda haka matuƙa da yawa suna roƙon a saki irin waɗannan, tun da naman matsakaici ya fi laushi. Hukumar lafiya ta Alaska ma tana shawartar mata masu ciki da ƙananan yara su rage cin naman manyan, saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsu. A bakin tasha akwai masu yanka kifi su daskarar da shi su sa a kwali mai nauyin kilo 23. Mai niyyar tafiya da shi wata ƙasa ya fara tambayar kamfanin jirgin sama da kwastan ko an yarda.

Ana jawo hankalin mai karatu da ya ajiye wannan takarda, ya bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma gwada amsoshin jirage biyu ko uku kafin ya yanke shawara. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.