Raunin Ƙirji da Abin da Ke Ɓoye Bayan Haƙarƙari

Allah cikin hikimarSa ya kewaye zuciya da huhu da haƙarƙari 24, goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu, amma duk da wannan kariya, raunin ƙirji yana cikin manyan sabubban ajali ga waɗanda haɗari ya rutsa da su. Likitoci sun kasa shi gida biyu: wanda ya huda, kamar sukar wuƙa ko harsashi ko ƙahon sa, da wanda ya doka bai huda ba, kamar sitiyari ya daki direban da bai ɗaura bel ba, ko faɗowa daga babur ko bisa itace, ko katanga ta rufta da damina. Na biyun nan ya fi yaudara, domin galibi ba a ganin jini.

Alal haƙiƙa karayar haƙarƙari ɗaya ba ita ce babbar musiba ba, tunda takan haɗe da kanta cikin mako shida ko makamancin haka. Abin tsoro shi ne tsinin ƙashin ya yaga huhu, iska ta riƙa fita tana taruwa tsakanin huhun da bangon ƙirji ba ta da mafita, har huhun ya motse, ta tura zuciya gefe. Sai ka ga mutumin da ɗazu yake cewa "ba komai, buguwa ce kawai" yana haki, gumi na keto masa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, leɓunansa sun sauya launi. Wani kuwa jini ne ke zuba a ciki. In karayar ta ƙasa ce, to hanta na dama, saifa na hagu, kowacce tana iya tsagewa. Yaro ma, saboda taushin ƙashinsa, huhunsa yakan ƙuje ba tare da ko ƙashi ɗaya ya karye ba.

A nan ne nake ganin al'adarmu ta tamke ƙirji da rawani ko zane take da illa, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yi: wanda aka ɗaure ba ya iya jan dogon numfashi, ba ya iya tari, majina ta kwanta a huhu, bayan kwanaki kaɗan zazzaɓi da namoniya su biyo baya, musamman ga tsofaffi. Hakanan wuƙar da ta kafe ba a zare ta sai a asibiti, don la'alla ita ce ta toshe jijiyar da ta yanke.

Akasarin masu wannan rauni ba sa bukatar a buɗe musu ƙirji. Likita yakan ɗauki hoto, ya ba da maganin zafi, in iska ko jini sun taru ya zura bututun roba ta tsakanin haƙarƙari a ƙasan hamata, ya sada shi da kwalba mai ruwa. Iskar ta fita tana ɓulɓula, huhu ya sake buɗewa, bayan 'yan kwanaki a cire bututun.